Ɗigo-ɗigo a Hannun Yaya

A wurin aiki Malam ake ce masa. Masu rubuto masa saƙo daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba Dakta suke cewa, wasu har su ƙara masa girma su ce Farfesa, alhali kujerar nan ba ta taɓa zagayowa kansa ba. A gida kuwa mutum ɗaya ce ke kiransa, wato yayarsa, ita kuma Auta take ce masa, da furfurarsa da tabaraunsa da komai. In ya yi ƙorafi sai ta ce, "To wa aka haifa bayanka? Nuna min shi in canja maka suna."

Masanin magunguna ne a wata jami'a, a sashen da ke nazarin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda mutanen gari ke haɗa su gaba ɗaya su kira kafso. Ba ya duba marar lafiya, ba ya rubuta wa kowa takardar magani, kuma wannan ne abin da dangi suka kasa yafe masa. An yi ta ɗawainiyar karatunsa ana jiran likita, sai ga mutum ya fito yana kiwon abin da ido ba ya gani a cikin faranti. In an haɗu wajen wani sha'ani sai wata gwaggo ta matso ta nuna masa kumburin gwiwa, shi kuma ya ce ta je asibiti a duba ta. Da tafiya ta yi tafiya aka daina nuna masa, daga baya ma aka daina matsowa.

Ya taɓa yin aure. Matar mutuniyar kirki ce, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba, kuma da alama shirun ne ya cinye auren. Ta yi shekaru da mutumin da gangar jikinsa ke dawowa gida da yamma, hankalinsa kuwa ya kwana a ɗakin gwaji. Allah bai ba su haihuwa ba. Ranar da za ta tafi sai da ta goge masa riguna ta jera a durowa, sannan ta ce ya sawwaƙe mata. Ya sawwaƙe, ya kuma taya ta sauko da akwatuna.

A lokacin mijin Yaya bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'yanta sun watse neman na kansu. Ta zo da jaka ɗaya da keken ɗinkinta, ta ce mako biyu za ta yi, ta ga ya daidaita ta koma. Aka ajiye keken a gindin tagar falo. Ƙafafunsa sai da suka yi wa ledar ɗakin rami, ba a sake ɗaga shi ba, kuma yaran da aka haifa a benen shekarar da ta zo yanzu wasunsu suna jami'a. Gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku na rukunin gidajen ma'aikata, matakalarsa doguwa, ƙwan fitilarta kullum a mace. Tun daga hawa na biyu yake jiyo ƙarar keken, sai ya ji ya iso gida tun bai taɓa ƙofa ba. Duk faɗin duniyar nan Yaya ce kaɗai za ta san ya dawo ko bai dawo ba.

Ɗakin gwajinsa yana can ƙarshen wata doguwar baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Akwai dogon tebur, da firiza biyu da ɗayarsu ke tari kamar tsoho, da akwatin ɗumi inda ƙwayoyin cuta ke kwana su yi ƙiba, da wani wari mai kama da na romon da ya kwana wanda ke bin rigarsa har gida. Tagar tana kallon asibitin koyarwa da ke tsallaken titi.

Tun yana matashi ya ƙwallafa rai a kan wani tsohon magani na allura, mai arha, wanda likitoci suka fara rainawa suna cewa ya daina ci. Shi ya ce maganin bai yi laifi ba, hannun da ke ba da shi ne ke gaggawa. Ana zuƙo shi a sirinji a danna a jijiya gaba ɗaya, ya cika jini nan take, kafin a jima ƙoda ta tace shi ya bi fitsari, ƙwayar cutar da ta laɓe ta fito ta ci gaba da sha'aninta. Ya yi shekaru yana tsallaka titi da 'yan kwalabe, yana roƙon majinyata jini yana aunawa, har ya nuna cewa in aka zuba maganin a robar ƙarin ruwa aka bar shi ya riƙa shiga ɗigo-ɗigo na wasu sa'o'i, yakan daɗe a jini har ya ga bayan ƙwayar da ta fi taurin kai. Sannu ba ta hana zuwa, abin da ya gano ke nan, sai dai shi da lissafi da zane ya faɗa.

Aka buga binciken a wata mujalla, kowa ya yi shiru. Shekaru suka shuɗe, ƙwayoyin cuta suka koyi yi wa sababbin magunguna masu tsada kunnen ƙashi, sai likitocin nesa suka koma tonon tsofaffin takardu suka ci karo da tasa. Daga nan aka fara kafa hujja da shi. Wannan ya ambace shi, wancan ya ɗora nasa binciken a kan nasa, ɗalibai masu sunaye masu wuyar faɗa suna rubuto masa tambayoyi cikin ladabi. Ya ƙara wasu takardun a kan tsawon kwanakin da ya kamata a sha irin waɗannan magunguna, domin ya tsani a tsayar da su da wuri, ya kuma fi tsanar a ja su su wuce ƙa'ida. Kowane aji da ya koyar ya ji shi yana cewa magani baƙo ne, in ya gama abin da ya kawo shi a raka shi ƙofa, in ya zarce shi ke koya wa ƙwayoyin cuta dabarar zama da shi.

Akwai shafin da kwamfuta ke nuna masa yawan waɗanda suka ambaci aikinsa. Ba zai yarda ya ce yana leƙawa ba, amma yana leƙawa. Da yamma in suna shan shayi sai ya gyara murya ya ce, "Yaya, wasu likitoci can bayan teku sun yi amfani da hanyata a kan jarirai."

"Madalla," in ji ta, tana tsinke zare da haƙori. "Su masu ambaton nan naka, akwai wanda ya taɓa aiko maka ko da sabulu?"

"Ba don sabulu ake yi ba."

"Na gani ai. Ɗaga hannu in ga hammatar rigar nan, kamar ta yage."

Ba ta taɓa fahimtar aikinsa ba, ba ta kuma taɓa nuna ta fahimta ba, amma takan saurara har ƙarshe, abin da abokan aikinsa ba sa yi. A tsallaken titi kuwa, a asibitin da aka ɗebi jinin da ya yi binciken da shi, har gobe danna maganin ake yi a jijiya gaba ɗaya. Ya kai musu takarda, ya yi musu lacca an tafa, an sha lemo, an koma yadda aka saba.

Babban ɗan Yaya, wanda kowa ke kira Injiniya, yana wani birni mai nisa, da gida mai fili da mota da 'ya'ya. Duk lokacin da ya kira wayar kawunsa don ya gaisa da mahaifiyarsa, domin ita Yaya ba ta riƙe waya, ta ce ba ta da wanda za ta kira da ba ya falon nan, sai ya ƙare da magana ɗaya: "Mama, ɗakinki na nan a share. Ki bar hawa benen nan haka." Ita kuma ta ce, "In na taho wa zai hana kawunka fita da takalmi wari da wari?" A yi dariya a kashe waya. Malam ma yakan yi dariyar, amma duk ranar da aka yi wayar nan ba ya iya cin abinci sosai, don ya san ɗa ya fi ƙane iko da uwa, kuma ya san magana in ana maimaita ta wata rana tana tabbata.

Ciwon ya shigo ne a makon da yake fama da gyaran wata takarda da mujalla ta dawo masa da ita. Ya lura keken ya yi shiru, ya ɗauka zare ne ya ƙare. Ya lura tana kwanciya da wuri, ta ce gajiya ce, ya karɓa. Wata safiya ya fito ya tarar ba a ɗora ruwan shayi ba. Ya tura ƙofarta ya same ta tana rawar ɗari cikin bargo, jikinta kamar garwashi, tana kiransa da sunan mijinta da ya rasu. Maƙwabta biyu suka taya shi sauko da ita a kan kujera.

Da aka ba ta gado a asibitin koyarwa ya koma gida ɗauko mata kaya. Yana neman katinta na asibiti ya jawo 'yar durowar keken ɗinki, sai ga katunan kafso iri-iri cushe tsakanin maɓallai da ƙullin zare, wasu an sha biyu an bari, wasu uku. Ashe ta daɗe tana jin zafin fitsari, in ya taso ta aika kemis na bakin layi a sayo mata, in ya lafa ta ajiye. A gidansa, a gindin tagar falonsa, aka yi shekaru ana horar da ƙwayar cuta yadda ya yi ta gargaɗin duniya kada a yi. Ya zauna a kan kujerar keken, kunya da tsoro suka rufe shi, bai san wanne ya fi ba.

Shi da kansa ya karɓi jininta da fitsarinta ya shuka a faranti, ya jera 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna a kai, ya sa a akwatin ɗumi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: maganin da ke ci, ƙwayar cuta ba ta kusantar takardarsa, sai a ga fili ya zagaye ta. Da ya buɗe washegari, ƙwayar ta mamaye farantin har jikin takardun, ɗaya bayan ɗaya, ba kunya ba tsoro. Biyu kawai suka tsira da ɗan fili. Ɗaya wata ƙwayar sha ce da ba ta da ƙarfin tarar cutar da ta riga ta shiga jini. Ɗayar kuwa tsohon maganinsa ne, shi ma filin nasa siriri ne.

Likitar da ke kula da ɗakin mata yarinya ce da ya taɓa koyarwa. Ta dubi farantin, ta dube shi. "Malam, na san abin da za ka ce. Takardarka har a jarrabawa na amsa ta. Amma ba mu da injin da ke auna ɗigo, kuma ba haka tsarinmu yake ba."

"Ba na buƙatar inji. Roba da sandar ratayewa kawai."

Babbar nas, wata mai jiki da murya, tana gefe tana jera allurai, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Malam, dubi ɗakin nan. Cike yake, mu biyu ne a kansa. Robar nan in majinyaci ya lanƙwasa hannu ta tsaya, in ya miƙe ta zuba kamar famfo. Sau uku a yini, kowane sau sa'o'i. Wa zai zauna yana gadinta?"

"Ni."

Sai a nan ta juyo. Ta ƙare masa kallo tun daga tabarau har takalmi, ta ce, "To ka sa farar rigarka, kada matan nan su ce na shigo musu da ƙato. Kuma in ka yi gyangyaɗi ni ba ruwana." Likitar ta rubuta umarnin ta sa hannu. Aka matsar da gadon Yaya kusa da ƙofa aka ja labule.

Haka ya tare a kan wata kujerar roba mai tsagaggen baya. A jikin siririn bututun da ke saukowa daga robar akwai wani ɗan gare da ake murzawa da babban yatsa, a matse ko a sassauta. Wannan ɗan garen shi ne duk iliminsa yanzu. Idonsa ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan ɗigon da ke taruwa ya yi nauyi ya faɗo. Yaya cikin zafin zazzaɓi takan fizge hannu, ɗigon ya tsaya, don haka dole ya riƙe hannun ya miƙar da shi a kan cinyarsa. Rabonsa da riƙe hannun nan tun tana jansa zuwa makaranta yana tirjewa. Ya ga yadda fatar ta yi laushi ta saki, da tabon allurar keke a ɗan yatsanta, ya yi mamakin yadda ya zauna da hannun nan shekara da shekaru bai taɓa dubansa ba.

Ɗakin bai san da shi ba. Masu jinya suna shiga da kwanuka suna fita da wanki, kowane gado da mutanensa, ana gardamar wa zai kwana wa zai tafi. Gadon Yaya shi kaɗai ne a gefensa. In roba ta ƙare ya ɗan miƙe ƙafa a baranda, ya sayi burodi ya ci a tsaye, ya dawo. Wayarsa tana ta kawo saƙonni: mujallar tana tuna masa gyara, wani ɗalibi daga wata ƙasa yana neman izinin sake buga zanensa. Bai amsa ko ɗaya ba. Da akwai wanda zai ce wa ina jin tsoro, da ya faɗa.

Wani hantsi ya ji hannun ya yi sanyi da gumi. Ya ɗago a razane, sai ya ga idonta a buɗe tana kallonsa, kallon da ya sani.

"Auta, rigar nan kwana nawa a jikinka?"

 Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya duba ɗigon da ba ya buƙatar dubawa. Maimakon duk abin da ya tara zai faɗa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Yaya, na ga katunan kafso a durowar keke. A gidana, Yaya?"

"Ka fara ke nan." Ta lumshe ido. "Da na gaya maka, lacca za ka yi min har in warke don kaina. Mai kemis ba ya tambaya. Miƙo min yake yi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Kai ka taɓa ce min Allah ya ƙara sauƙi?"

 Can ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Ka ga bai ci maka komai ba."

Zazzaɓin ya sauka bai sake hawa ba. Faranti na gaba ya fito fes. Likitar ta tsaya a bakin gadon tana jujjuya takardar sakamako, ta ce za ta ɗaga maganar a taron sashe, wataƙila a gwada wa wasu. Babbar nas ta ce in za a gwada sai a haɗo wa kowane majinyaci da ƙanensa. Malam ya yi murmushi. A duk shekarun da ake ambatonsa, wannan ne karo na farko da ya ga aikinsa ya tashi zaune ya nemi ruwan wanka.

Injiniya ya iso da matarsa ana gab da sallama, da kuloli da bargo sabo. Ya durƙusa ya gaida kawunsa yadda ya kamata, ya yi godiya, sannan ya ce yana son magana. Suka fita baranda, suka tsaya kusa da wata taga da ke kallon ɗakin gwajin Malam.

"Kawu, ba raini ba ne. Amma likita ta ce ciwon ya kwana biyu a jikinta kafin a kawo ta. Kana gidan."

"Ina gidan."

"Da safe ka fita, sai yamma. In ta faɗi a banɗaki wa zai ji? Ga bene. Yanzu ko taku goma ba ta yi sai ta huta. Can akwai yara, akwai mamansu, ɗakin a ƙasa yake." Ya sunkuyar da kai. "Ka yi mana iya yinka, Kawu. Ka bar mu mu ma mu samu ladan."

Malam ya nemi inda maganar ta karkace bai samu ba. Aikinsa ke nan duk rayuwarsa, gano inda hujja ta yi rauni, kuma wannan ba ta da rauni ko ɗaya. Ya ce, "Sai abin da ta ce."

Da aka gaya mata ba ta yi wasan takalmi wari da wari ba. Ta dubi ɗanta, ta dubi ƙafafunta da suka rame, sannan ta juyo gare shi. "Auta, ka ce wani abu mana."

Ya san abin da take ba shi dama ya faɗa: ta zauna, kada ta tafi. Ya kuma san matakalar nan, ya san kansa, ya san a makon da aka dawo masa da wata takardar zai sake jin keke ya yi shiru ya ɗauka zare ne. Ya ce, "Za a ci gaba da ƙwayar sha, ita za ta ƙarasa aikin. Sau uku a yini, kada a tsallake."

Ta daɗe tana kallonsa. "To," in ji ta. "Allah ya sa haka ne alheri."

Ba a ma hau da ita benen ba. Matar Injiniya ce ta hau ta haɗa kayan, aka samo 'yan dako suka sauko da keken ɗinkin suna buga shi da bango a kowace kwana. Malam ya tsaya a jikin motar yana yi wa matar bayanin magani, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har Injiniya ya duba agogo. Yaya ta leƙo ta taga ta ce akwai rigarsa mai ruwan toka da ba ta ƙarasa wa maɓalli ba, ya kai wa tela, kada ya fita da ita haka. Motar ta tashi. An ce sabo ake yi wa kuka, shi kuwa ko kukan bai zo masa ba, sai ya juya ya hau benen shi kaɗai.

Abin da ya rage masa shi ne maganin. Tun da Yaya ba ta da waya, ta matar Injiniya yake kira, safe da rana da yamma, kuma ba wanda zai ga baƙonsa, domin likita ne ke bin majinyacinsa. "'Yata, ta sha? Da ruwa da yawa? Ba ni ita in ji." Sai a miƙa, ya ji numfashinta da hayaniyar jikoki a baya, ta ce, "Na sha, sarkin naci. Kai me ka ci?" Ya yi mata ƙarya, ta gane, ta yi masa faɗa, ya ji daɗi. Wani lokaci ta ba shi labarin ƙaramin jikan da ya kwance mata zaren keke kaf, wani lokaci shi ya gaya mata firizar nan mai tari ta mutu. Minti kaɗan ne, amma a kansu ya rataye yininsa. Yakan shirya abin da zai faɗa tun yana hanya.

Ran nan da safe, yana tsaye a ɗakin gwaji bai ko cire jaka ba, ya kira. Matar Injiniya ta ɗauka da fara'arta. "Kawu, ina kwana. Yanzu ta haɗiye ta ƙarshe, katin ya ƙare. Ni da baban yara muka ce ko a ƙaro wani, a ƙara mata mako ɗaya don a tabbatar? Akwai kemis nan kusa da mu. Kai muke jira ka ce."

Daga can baya ya jiyo muryar Yaya, ta ɗaga ta yadda zai ji. "Ce masa in ƙarin ne a ƙara, ni ba na ƙi. Shan bai dame ni ba."

Ya ajiye jakar a hankali. Bai taɓa jin Yaya ta nemi ƙarin magani ba, ita da sai an yi dambe take haɗiye ƙwaya. Ya gane ita ma ta yi lissafin da ya yi: ranar da magani ya ƙare, kira ma ya ƙare. Mako ɗaya. Ba mujallar da za ta sani, ba ɗalibin da zai ji, kuma da wuya ya yi mata wata illa da ido zai gani. Kalma ɗaya ce, a ƙara, kuma su suka roƙa.

"Akwai zazzaɓi?" ya tambaya.

"Babu, Kawu."

"Zafin fitsari? Ciwon baya?"

"Ko kaɗan. Jiya har shara ta karɓe min."

"Tana cin abinci?"

"Ta fi ni ci."

Ya sake neman wata tambayar, ko Allah zai sa a ce eh a wani wuri, bai samu ba. A gabansa farantai na jere a kan tebur, na wasu mutane da bai sani ba, kowanne da ƙwayar da wani ya koya wa taurin kai.

"Kada ku sayo," in ji shi. "Ta warke. A tsaya haka."

"Alhamdu lillahi. To Kawu, ka huta da kira ke nan, mun wahalar da kai da yawa. Allah ya saka da alheri. In an yi hutun yara za mu zo gaishe ka." Ya saurara ko zai sake jin Yaya, amma wani yaro ya fasa kuka, matar ta ce tana zuwa, layin ya katse.

Ya sa farar rigarsa ya yi aikin safe. Ya karanta farantan, ya rubuta sakamako, ya amsa wa ɗalibin nan na nesa cewa ya ba shi izini. Da rana ta yi, lokacin shan magani, hannunsa ya shiga aljihu da kansa ya fito da wayar. Ya nemo lambar matar Injiniya. Ya zauna a kan doguwar kujera yana kallonta, yana neman abin da mutum ke cewa in ya kira wayar surukar yayarsa ba don maganar magani ba, har fuskar wayar ta yi duhu a hannunsa.